Igwar da Baba ya yi da kara

Na dawo hutu garinmu Kudan daga sakandare, farkon samun 'yancin kan Najeriya, na iske Baba yana ƙera wa ƙannena abin wasa da karan dawa: igwa, wato babbar bindigar soja, a kan katafila, da garma a bayanta.

Bai taɓa ba mu labarin yaƙin Bama da ya je ba, mu kuma muna nauyin tambaya.

Na daure na ce, "Baba, noma take yi?"

Ya tuntsire da dariya. "Ina! In ta harba, baya take zabura, sai garmar ta kafe a ƙasa ta riƙe ta. Zauna ki ji, 'yar boko."

Ranar har tuwonsa ya huce yana ba da labari.

Ku fa, wace tambaya ce ta buɗe bakin tsohonku?