Ranar da likita ta kore ni waje

Shekarun baya, mahaifiyata ta zame a tsakar gida tana sauke tukunyar gumin shinkafa, ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti nan Birnin Kebbi, na kawo ta gidana a Badariya ta yi jinya. Ni ne babba, ni ne kuma malamin makaranta, don haka na naɗa kaina shugaban jinya ba tare da an yi zaɓe ba. Duk ranar komawa asibiti ni ke riƙe kati, in zauna kusa da likita ina gyaɗa kai kamar tare muka yi karatun.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ranar da ta ji daɗina kuma "wanga yaro". Matar da ba ta cin abinci a gabana, ita nake jira ta yi kukan ciwo ina zaune. Likita ta tambaye ta jiki, ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma na ƙara da sharhi, na ce ai sauƙi ya samu sosai. Aka bar ta da farasitamol kaɗai. Na dawo gida ina yabon juriyar mutanen da.

Ashe gaskiyar tana wajen mata 'yan dubiya. Su take gaya wa ƙashin yana yi mata kamar ana sara da gatari, kowace kuma sai ta kwance taimakonta daga bakin zane. Wata ta kawo ragowar tiramol ɗin da mijinta ke sha lokacin aikin fadama a Zauro, wata ta kawo ƙwayar barci. Inna ba ta iya cewa a'a ga wanda ya tako ya zo duba ta. Ta riƙa haɗawa tana sha.

Wata rana autarmu ta zo daga Argungu, ta tarar Inna tana barci tun hantsi har azahar ta wuce. Na ce ta bar ta ta huta, alamar sauƙi ce.

"Yaya, Innar da ke tashin mu salla da maficin kaba, ita ta ƙetare azahar? Taho ka ji numfashinta."

Na kasa kunne. Numfashi ɗaya, sai shiru mai tsawo, sannan wani. Muka girgiza ta, ta buɗe ido da ƙyar ta mayar. Wajen ɗaga ta zuwa mota ne ƙullin ƙwayoyin ya faɗo daga ƙarƙashin matashi.

Allah ya sa da sauran kwana. Da Inna ta dawo hayyacinta a asibiti, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne ɗan fari?" Na ce ni ne.

"To ɗan ba mu wuri."

"Ai ni ke riƙe da katin."

"Katin ya zauna. Kai ka fita."

Na zauna a benci da digirina. Daga baya auta ta ba ni labari. Likitar ba ta ce "ya jiki" ba, cewa ta yi, "Inna, yaya kike salla?" Inna ta ce, "Kwance, ɗiyata. Ko zama ban iyawa." Daga nan bakinta ya buɗe.

Da aka kira ni ciki, na ji za a ba ta mofin na ruwa, maganin ciwo mai ƙarfin gaske. Na gyara murya na fara kawo abin da na karanta a kan jarabar ƙwaya. Likitar ta bar ni na gama, ta ce ciwon da ba a yi wa magani ba shi ya tura Inna ga na bakin zane. Wannan da awo za a sha, a kan lokaci, na ɗan wani lokaci, tare da farasitamol da maganin taurin ciki, a riƙa ragewa a hankali. Kada a haɗa shi da wata ƙwaya, kada a sam wa kowa, in barci ya yi nauyi a dawo da ita nan take. Ta raba mana aiki: ni kulle kwalba da awo, auta tambayar ciwo.

Kullen ma ya ja mini suna. Gwaggona ta roƙi cokali ɗaya don gwiwarta, na hana, ta ce boko ya cinye mini zumunci. Har yanzu tana faɗa a taron suna.

Inna ta koma salla a zaune, sannan a tsaye tana dafa bango. Awo ya yi ta raguwa har aka daina, na mayar da ragowar asibiti. Yau in ƙugun ya motsa da sanyi, ruwan ɗumi ne da ɗan tattaki da farasitamol.

Ina yawan tuna likitar nan da alheri. Ta san magani, ta kuma san gidajenmu, ta gane cewa wani majinyacin sai an fitar da mai ƙaunarsa kafin ya faɗi inda ke masa ciwo. Har yau in na tambayi Inna jiki, "da sauƙi" nake samu, sai in kira auta in ji gaskiya.

Ranar da Inna za ta koma gida, ina tsaye a bakin mota riƙe da sandarta, ta kalli auta ta ce, "Ki gaya ma wancan, Allah shi yi mai albarka."

Tsakanina da ita bai kai taku biyu ba. Na jira auta ta juyo ta gaya mini, sannan na ce amin.