Yana Ciki

A kasuwar Zangon Sokode, Safara'u mai koko tana satar kallon wani dogon baƙo mai tsage a kumatu. Da gani ɗaya ne daga leburorin hanya da Faransawa suka kwaso daga Dapango. Hannayensa a naɗe suke da tsumma, da ƙyar yake tallafar ƙoƙo zuwa baki.

Jiya da gobara ta kama gidanta, shi ya yi ta ihu da gurguwar Hausarsa: "Yana ciki!" Ta duba, 'ya'yanta maza duk suna waje, ta daka masa tsawa: "Kauce, mashayi!" Ashe autarta Azara yake nufi. Shi ya kutsa cikin wutar ya ɗauko ta.

Yanzu Safara'u ta kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa murmushi yake mata: "Inna, yarinya ya kwana lafiya?"