Makon da Aka Kulle Hirar Mamata

A gyara zama, a kashe sigari, ga Sarauniyar Lincak nan tafe! Mai riƙe da makullin manhajar da dandalin masu kiwon kurciya da na masunta da na direbobi ke tafiya a kanta, daga garinmu Klaten har ƙetaren teku! Wato dai ƙanwar mamana ce, Bulik Sumirah, mai suyar tempe, wainar waken soya, a bakin titi da safe. Bayan azahar kuma sai ta zauna gaban tsohuwar kwamfuta, tabarau ɗaure da zare.

Manhajar nan, Lincak, ba ta kowa ba ce. A buɗe take, kowa na iya aiko gyara, Bulik ta duba, ta karɓa ko ta mayar. Mijinta Paklik Harjo ne ya fara ta, da ya rasu ta ɗora. Ni ma na taɓa aika nawa gyaran, ya dawo da kalma ɗaya: "Sake."

Bara wani saurayi mai ƙwazo daga Turai ya aiko nasa: duk hirar da ta yi watanni ba a tanka ba a kulle ta, in wata ya zagayo a share, don dandali ya rage nauyi. Aikin tsaf yake. Bulik ta karɓa, ta saki sabon zubi, kowane dandali ya ɗauka.

Shi bai san al'adarmu ba, ita kuma ta sha'afa. Kafin azumi muna zuwa makabarta mu yi shara, mu zuba furanni. A dandali ma haka, kowa ya nemo hirar ƙarshe ta mamacinsa ya rubuta addu'a a ƙarƙashinta. Daga nan shiru sai baɗi.

Pak Tukiran mai kurciya ne ya iso rumfar suyar Bulik da waya a hannu.

"Mbak," ya ce mata, wato yaya, "na je hirar marigayi ɗana na tarar da ƙofa a rufe. Wai saura mako a share."

Bulik ta bar mai yana tafasa ta shige ciki. Hirar Paklik Harjo ma an kulle ta.

"Bulik, ki zare gyaran mana, wa zai kama ki?" in ji ni.

"Le," ta ce min, wato yaro, "bakinka ya fi kanka sauri. In na zare a nan, waɗanda suka riga suka ɗauka fa?"

Ta rubuta wa saurayin ta yi masa bayanin makabarta, ba ta zarge shi da komai ba. Tare suka ƙera sabon maɓalli: dangi su liƙa wa hira farin fure, ba a ƙara kulle ta. Sannan ta bi masu kula da dandali a waya ɗaya bayan ɗaya, tana roƙo su sabunta.

Kowa ya ɗaga, ban da mai dandalin direbobi. Yana can dajin Kalimantan inda waya ba ta shiga. Hirar mamatansu ta tafi duka. Ranar Bulik ba ta ci abinci ba.

Pak Tukiran ya rubuta wa ɗansa addu'a. Ita ba ta rubuta wa Paklik tata ba sai da ta tabbatar sauran jama'a sun samu shiga.

Washegari na same ta a rumfa, na ce, "Bulik, wallahi mutum-mutuminki ya kamata a kafa a tsakiyar Klaten, kwamfuta a dama, matsami a hagu."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Tempe na ƙonewa, Le. Juya shi."