Ranar da Yayata Ta Wanke Kanta da Tiyo da Soso

Shekarun baya, muna zaune a Hayin Banki, yayata ta zo hutu daga kudu, inda take aikin injiniya a kamfanin bututun iskar gas. Tana tankaɗe a tsakar gida aka kira ta a waya, sai na ji tana tambaya da Turanci ko aladen ya fito lafiya.

Mahaifiyata ba ta jin Turanci, amma ta ga na zaro ido. "Kai, me ta ce?" Ni kuwa da ɗan Turancina na sakandare na fassara mata tiryan-tiryan, ina jin kaina.

Umma ta ajiye muciya. "Ke, ashe kiwon da kike yi a can ke nan? To ba da yawuna ba. Kin gama aikin nan."

A gidanmu in Umma ta faɗi haka, magana ta ƙare. Yaya ba ta yi musu ba. Ta jawo tiyon da muke tarar ruwa, ta cusa guntun soso a bakinsa, ta haɗa da famfo. Can sai ga soson ya faɗo ta ɗaya bakin, ya turo gansakuka da laka.

"Umma, kin ga aikin aladen namu. Ƙarfe ne da roba, suna kawai aka laƙaba masa. Ba shi da inji, ƙarfin iskar ne ke tura shi a cikin bututu, daga wannan gari zuwa wancan, a ƙarƙashin ƙasa. Wani shara yake yi. Wani kuma maganaɗisu ne a jikinsa, duk inda tsatsa ta ci ƙarfe sai ya naɗi bayanin wurin, in ya fito mu duba."

"In kun gani fa?"

Ta ce bara ya nuna musu wani wuri kusa da wani ƙauye, ƙarfen ya yi siriri saura ƙiris ya huje. Suka tona, suka canza shi, mata na wucewa da tuluna.

Umma ta ɗauki muciyarta. Sannan ta ce, "Ki koma. Allah ya yi miki albarka."

Har yau ban taɓa ganin na'urar nan da idona ba, amma tana burge ni, ita da masu jiran fitowarta. Mutanen ƙauyen can sun ci tuwonsu ranar kamar kullum, ba su san akwai wata 'yar Hayin Banki a duniya ba.