Ba a Tambayar Zane a Shagon Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina bayan kanta a ɗakin maganin da nake aiki, matar Kawu ta kira ni ta ce, "'Yar nan, sai haƙuri, Kawunki ya riga mu gidan gaskiya." Ta ce ya buɗe shago kamar kullum, ya zauna a bencinsa, ya ce kansa na juyawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na ajiye wayar, na ƙarasa sallamar matar da ke gabana, har na gaya mata yadda za ta sha maganinta, sannan na fashe da kuka.

Kawu, ka tafi a makon da na fi bukatarka. Baba yana kwance a asibiti da shanyewar ɓarin jiki, likitoci sun ce lokacin sallama ya yi, kuma ba inda za a kai shi sai gidana. Mama, yayarka, ta rasu. Ƙanena yana nesa, a ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya. Dangi sun ɗauka magana ce da ba ta bukatar shawara, uba ne da 'yarsa. Kai kaɗai ka san abin da ya sa nake jan ƙafa, kuma mun yi da kai zan zo ranar Laraba mu zauna a kai.

Mutanen unguwa sun san ka da Mai Fenti, mai rubuta allunan shaguna. Tela, mai aski, mai gyaran waya, kowa sunan sana'arsa da hannunka yake rataye a bakin ƙofarsa. Haruffanka a miƙe suke ba tare da ka ja layi ba, kuma kana alfahari da hakan fiye da kima. Alkawarinka ne dai ba a miƙe yake ba: in ka ce wa mutum jibi, sai ya haɗa da haƙurin mako biyu. Amma kaɗan ne suka san abin da ke bayan labulen buhun da ya raba shagon gida biyu. Can ne falankan katako suke jingine da bango, shafe da ragowar fenti, ba mutum, ba bishiya, ba siffar komai, launi ne kawai a kan launi. Mama takan ce ɓarnar fenti ce ba kai ba gindi. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce gaba aikin ciki ne, baya aikin zuciya.

Dokar bayan labule ɗaya ce da farko: ba a tambayar zane. Duk wanda ya tsaya gaban katako ya ce "Wannan kuma mene ne?" to an ci shi tara, zai wanke burushi da kananzir har sai gashinsa ya yi laushi. Ba ka ɗaga wa kowa ƙafa ba. Matarka ta fi kowa biyan wannan tara, domin ta kasa riƙe bakinta, kuma ina zargin da gangan take yi don ta samu dalilin zama kusa da kai.

Ban shiga bayan labulen nan ba sai bayan haihuwata ta fari. A lokacin ne abin da na binne tun ƙuruciya ya taso. Na kasa rufe ƙofa, ko ta banɗaki ce. Wata rana iska ta turo ƙofar ɗakin ajiyar magunguna ina ciki, na yi ta ihu har abokan aikina suka zaci wuta ce. Maigidana ya rasa gane kaina, ya kawo ni wurinka ba don ya san kana da magani ba, sai don ya ga da kai kaɗai nake sakewa.

A bencin nan na faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Baba bai taɓa dukana ba, yana ma bugun ƙirji da haka a gaban baƙi. Horonsa sito ne. In na fasa kofi, ko na yi fitsarin kwance, ko dai ransa a ɓace yake, sai ya tura ni ɗakin ajiya na bayan gida ya ja sakata. Ba taga, sai warin tsofaffin tayoyi da motsin ɓeraye. Tun ban shiga makaranta ba ya fara, kuma Mama tana tsakar gida tana jin kukana, tsoro ya hana ta tashi. Da na kai ƙarshe sai ka ce, "Ina nan ina rubuta wa mutane alluna, ban iya karanta fuskar 'yar yayata ba." Daga nan ka ɗaga labule, ka jawo katako ka ajiye a gabana.

Ni ma'aikaciyar magani ce, na saba da sha yanzu magani yanzu, don haka na ɗauki siririn burushi na hau zana ƙofa da sakatarta, in gama in tafi gida. Ka zare burushin daga hannuna ka miƙo mini guntun soso. "Ba ƙofa na ce ki zana mini ba," in ji ka. "Yadda ɗakin yake a ƙirjinki, shi za ki shafa." Na ji haushinka ƙwarai. Na tsoma soson a baƙin fenti na dinga dannawa har hannuna ya yi tsami, ina yi ina hawaye. Da na gama na ce a jefar da shi, sai ka sanar da ni doka ta biyu: ba a jefar da katako, ba a kuma kankare shi. In ya bushe, a kansa za a ɗora na gaba, ko da na ƙasa zai riƙa leƙowa.

Haka na yi ta zuwa duk ƙarshen mako, katako ɗaya, baƙi kan baƙi, sai toka-toka, sai wani ja mai duhu da ban san daga ina ya fito mini ba. Katakon ya yi nauyi har sai da hannu biyu nake ɗaga shi. Wata rana, ban shirya ba, na ja wani siririn layi na ruwan ɗorawa can ƙasa. Sai da na ja da baya na gane shi: hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar siton ne, wanda nake kwantawa in sa ido a kai. Na manta da shi sam, ashe a ɗakin nan akwai abin da ya riƙe ni. Ka tsaya a bayana ka kalla, sai ka kwashi burusa ka tafi wurin kananzir. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Na yi tambayar a zuci, dole in biya."

Sai daga baya ka ba ni naka labarin, a taƙaice, kana goge hannu da tsumma. Kana yaro ambaliya ta ƙwace ƙaninku daga hannunka, kuma ba wanda ya sake ambatar sunansa a gida. Shi ya sa kowane katako naka yake da shuɗi, da wani gurbi da ka bari ba fenti. Ba ni kaɗai ka buɗe wa labulen ba. Na tarar da direban da ya daina tuƙi bayan haɗari, da wata malamar makaranta da ba ta taɓa faɗar abin da ya kawo ta ba. Ba ka taɓa cewa kai likita ba ne. Kai ne ma ka matsa mini in je in ga likita, ka ce soso ba ya hana shan magani.

Da Baba ya kwanta, dangi suka yi mini caa: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya suka faɗa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ba ka taɓa ce mini in yafe ba, ba ka kuma ce kada in yafe ba. Da na ce maka ba zan iya kwana gida ɗaya da shi ba, cewa ka yi, "Ki zo Laraba, katakonki ya bushe."

Na zo Larabar, Kawu. Matarka ta ba ni makulli, na zauna a bayan labule ni kaɗai, ban taɓa fenti ba. Na yi kukanka, na yi fushi da kai don ka bar ni da wannan kaya, sannan na tashi na wuce asibiti na ce su shirya sallamarsa.

Yanzu yana ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo. Ranar da aka kawo shi, da la'asar, na gyara masa matashi, na ba shi maganinsa, na juya na kama hannun ƙofa. Sai na ji yana ƙoƙarin magana da karkataccen bakinsa. Na kasa kunne. "Kar ki rufe," ya ce. Na dubi idonsa na ga tsoro, irin wanda na sani. Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe tsaye da ƙofar a hannuna, kuma na ji daɗin cewa yau a hannuna take. Ban sani ba ko yana tuna siton, ban kuma tambaye shi ba. Ban yafe masa ba tukuna. Amma na jawo kujera na tokare ƙofar, kuma har yau a buɗe take.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya cika shi da haske. Allah ya sada ka da Mama da ƙaninku a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, uwata ta biyu, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk waɗanda suka taɓa zama a bayan labulen nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya ba ni ƙarfin abin da na ɗauka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.