Kura Mai Ɗingishin Babana

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, a ƙauyenmu kusa da Gangara, mutum uku suka rantse sun ga babana ya rikiɗa kura. Lokacin ina da aure, har da goyo a baya. In mai gari ya gaskata su, Baba zai bar garin, ya bar gonar da ya sare da hannunsa tun ba a haife ni ba. Laifinsa biyu ne: iyayensa daga Katsina suka zo, kuma yana ɗingishi tun da gyambo ya ci masa dunduniya.

Aka zauna da hantsi a gindin gawo. Mata ba sa zuwa wurin, sai na laɓe bayan danga, na kasa kunne.

Har yau in na tuna yadda mutum ukun nan suka jera maganar, raina ɓaci yake. Kowa sai ya fara da wanke kansa: "Ni hwa ban taɓa yarda da irin wagga magana ba." Daga nan ya yabi Baba, wai mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, don a ce ba ƙiyayya ta kawo shi ba. Sai ya shiga zuba ƙananan abubuwan da ba mai musawa: ranar kasuwa ce, hadari ya haɗo gabas, jakina ya toge. Kafin a iso kan kurar, dattawa sun ce "haka ne" sau biyar, na shida kuwa baki ya riga ya saba. Amma daidai inda maganar take, duk ukun tsallake suka yi. Mutum ya shiga bayan sabara, "kahin in ƙihta ido" kura ta fito tana ɗingishi.

Ban san lokacin da na zagayo dangar ba. Mijina ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, cikinsu wa ya ga gashi na tsirowa? Wa ya ga hannu ya koma dagi? Jaki sun gan shi, hadari sun gan shi, abin da ya tara mu nan kaɗai kowa ya ƙihta ido?"

Na juya wajen wani tsohon maharbi na ce, "Dattijo, don Allah, wace kura ce ba ta ɗingishi?"

Ya yi dariya har da tari. "Duk haka suke tahiya, ɗiyata."

Mai gari ya sallami taron, Baba bai bar gari ba. Sai dai magana zarar bunu ce. Da la'asar aka fito masa da akushi ƙofar gida, inda maƙwabta suka saba haɗa hannu da shi shekara da shekaru. Ba wanda ya zo. Suna can gindin itacen bedi suna leƙensa ta wutsiyar ido, shi kuwa ya buɗe tuwon ya kasa ci.

A garinmu ɗiya mace ba ta cin abinci da ubanta, balle a bainar jama'a. Na wanke hannu, na zauna a tabarmarsa, na gutsuro loma.

Ya ce a hankali, "Tashi, ana kallonki."

Na ɗaga murya yadda za ta kai gindin bedi. "Su kalla da kyau, Baba. Yau kada kowa ya ƙihta ido."