Mene ne Zalmarin?

Ammu Ratib, mai kantin magani a garin Damanhur na ƙasar Masar, bai yarda da kowa ba. Ya tsufa a bayan kanta yana kallon samari suna shigowa da tarin ƙarya don a sayar musu da maganin tari, shi ya sa ko gaishe shi ka yi sai ya leƙa ƙwayar idonka kafin ya amsa. Mutum ɗaya ya tsira daga wannan kallo, ɗansa Hazim da ke sakandare, wanda Ratib ya yi renonsa shi kaɗai tun rasuwar uwar.

Wata rana masu bincike suka je makarantar su Hazim, suka raba wa ɗalibai tambayoyi a kan giya da taba da ƙwaya. Da yamma suna cin wake da gurasa, Hazim ya ce, "Baba, wai mene ne Zalmarin?"

Ratib ya ajiye lomarsa. Ƙwayar da shi bai sani ba, ai sai dai ta bayan fage. Hazim ya rantse a cikin tambayoyin ya ga sunan, uban ya ce duk haka suke cewa. Ya farke katifar yaron, ya shinshina rigunansa, ya tasa ƙeyarsa zuwa gwajin fitsari a gaban 'yan unguwa. Gwaji ya fito fes, Ratib ya ce sabuwar ƙwaya ce, injin gwajin bai san ta ba.

Daga ƙarshe ya nemo shugabar masu binciken, ya tare ta a ƙofar makaranta. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Alhaji, ai babu wannan ƙwayar a duniya. Mu muka ƙirƙiro sunan. Duk yaron da ya ce ya sha ta, mun san cika baki yake, sai mu ware amsarsa."

Ratib ya ji daɗi, kunya kuma ta kama shi. Ya sayi kunafa mai zafi, alkakin Larabawa, ya nufi gida yana shirya kalaman ban haƙuri. Hazim na ganinsa ya miƙe, ya zazzage aljihunsa a kan tebur, ya naɗe hannun riga, ya ware idanu.

"Zauna, ɗana, na zo ne..."

"Duba dai tukuna, likita," in ji Hazim.

Har yau gida ɗaya suke kwana, amma bai sake tambayar ubansa komai ba.